Wuƙar Baba da Daddawar Inna

Wanda duk ya san Illela, da abu biyu ya san ta: iyaka da kasuwar Lahadi. In ka baro Sakkwato ka yi arewa, ka wuce Kware da Gwadabawa, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, za ka iske garin da kwaltarsa ba ta tsaya ba sai da ta shiga Birnin Ƙonni a ƙasar Nijar. Mu da muka tashi a can ba mu taɓa ɗaukar Ƙonni wata ƙasa ba. Garin kawunnai ne da goggonni, inda ake zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa, a ci kasuwar Laraba a dawo kafin magariba. Ranar Lahadi kuwa su ke zuwa mana. Tun da hantsi ƙura ke turnuƙe kara: ga bakoloji masu gajeren ƙaho, ga rahaji jajaye, ga shanun Azawak, ga tumaki uda rabi fari rabi baƙi, ga jajayen awakin da fatarsu ta yi suna har Turai, ga raƙuman Buzaye a durƙushe. Dillalai na ta "albarka" da "sallama", naira da sefa na sauya hannu, manyan motoci na lodin bisashe zuwa Ikko da Ibadan.

Gidanmu gidan rundawa ne. Kakana mahauci, ubana mahauci, kuma tun ban kai in ɗaga cinyar sa ba na san cewa in kalangu ya tashi daga wajen kwata, an yi yanka mai kyau ke nan. Amma duk wanda ya shigo zaurenmu ya zarce cikin gida, hancinsa zai gaya masa sana'a biyu ake yi a nan. Daga waje ƙaurin gashi ne da ƙamshin kitse. Daga ciki, can ƙuryar da ke bayan rumbu, wani wari ne mai ƙarfi da ke sa baƙo ya ɗan ja da baya, na tukunyar daddawar Inna. Inna ita ce mahaifiyar babana, haifaffiyar wani ƙauye a gefen Ƙonni. Da yake shi ne ɗanta na fari, ban taɓa jin ta kama sunansa ba har ta koma ga Allah. In za ta aika masa saƙo sai ta ce da ni, "Hwaɗa ma ubanka." Ni kuwa "maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma da wannan sarautar take sa ni aikin da ƙannena ke gudu.

Ɗorawa ba ta yawaita a wajenmu ba. Ƙasarmu ta yi kusa da Hamada, ruwan sama kaɗan ne, itatuwanmu su ne gawo da aduwa da kurna da magarya. Saboda haka kalwa baƙuwa ce a Illela, daga kudu ake kawo ta, wajejen Zuru da Yawuri da Kwantagora, bayan an sauke ɗorawa da bazara. Inna kan sayi abin da ƙarfinta ya kai a lokacin da take araha, ta zuba a randuna ta liƙe. In ranar aiki ta zo, da la'asar za ta ɗora babbar tukunya, ta ce, "Maigida, taho ka iza mini wuta. Mijin da ba shi aiki ba shi cin tuwo." Kalwa taurin kai gare ta, sai ta kwana a kan wuta ana ƙara ruwa ana ƙara itace kafin baƙin ɓawonta ya yi laushi. Da safe a zuba a turmi da ɗan rairayi a surfa, a kai bakin rijiya a yi ta wanki ana regewa har ƙwayar ta fito tas. Sai a mayar kan wuta da ɗan jiƙon kanwa, a dafa har ta riƙa murƙushewa tsakanin yatsu biyu. A nan ne hankalin Inna ke tashi. Da zafinta take tsame ta, ba ta yarda ta huce, ta juye cikin wani tsohon kwando da ta shimfiɗa wa ganye, ta rufe da ganye, ta lulluɓe da buhunan algarara da tsummoki, ta danne da dutse, ta ja ƙyauren ɗakin.

Daga nan ba mai shiga. Kwana biyu zuwa uku, gwargwadon sanyi ko zafin gari, in ka ɗora hannu a kan buhun za ka ji ɗumi, alhali ba wuta a ɗakin. Ranar buɗewa sai ka ga ƙwayar da ka sani fara-fara ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, in ka ɗaga hannu zare na bin yatsunka, warin kuma ya hau kai har idanu su kawo ruwa. Inna kan ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza, ta kai hanci, ta ɗora a harshe, sannan ta ce, "Ta yi." A kirɓa a turmi, a mulmula, a danna da tafin hannu, a jera a tabarma bisa soro, rana ta mai da ita baƙa ƙirin. Kwandon nan kuwa ba a wanke shi da sabulu, ba a ba da aronsa. Akwai shekarar da wata maƙwabciya ta sayi sabon kwando ta bi duk matakan Inna, amma tata ta lalace. Inna ta ce ta kawo kwandon, ta kwantar da shi cikin nata na wani lokaci, aka sake gwadawa, daddawa ta tashi.

Da yake kalwa ta kuɗi ce, daddawar talaka a wajenmu ita ce batso. Sure, wanda mutanen gabas ke kira yakuwa, ba ya ƙin ƙasarmu. A gefen kowace gonar gero za ka gan shi. A ci ganyen a miya, a sha zoɓon, a tara 'ya'yan, wato gurguzu. Shi ma dafa shi ake yi ya daɗe, a rufe ya ruɓa, a daka da ruwan tokar karan gero, a sake rufewa, sannan a shanya. Warinsa ya fi na kalwa kaifi, ɗanɗanonsa ya fi nauyi, kuma tsofaffinmu da yawa sun fi son sa. Na uku shi ne gabu. Yankinmu yankin albasa ne, daga fadamun Kalmalo har Galmi da ke gabas da Ƙonni. In an cire albasa ba a zubar da lawashi. A daka shi, a bar shi ya kwana ya canza wari, a cura a shanya. Da waɗannan uku, kalwa da batso da gabu, matan garinmu suka riƙe tukunya tun kafin a san wani abu wai shi dunƙule.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne yadda sana'ar waje ta dogara da ta ciki. Ba kowace rana ake samun bijimi mai tozo ba. Sau da yawa abin da ke zuwa hannun mahauci tsohuwar saniya ce da ta gama haihuwa, ko sa da ya sha tafiyar ƙasa daga Tawa ko Abalak har tsokarsa ta bushe. Irin wannan nama jan ne zalla, ba maiƙo, ba zaƙi, kuma shi ne ya fi dacewa da kilishi, domin kitse ke sa kilishi saurin hamami. Baba kan zauna a kan buzu da asuba, ya ɗora tsokar cinya a kan katako, ya yi ta warware ta da wuƙa a hankali har dunƙulen nama ya zama shimfiɗa guda mai faɗi wadda in ka ɗaga kana hango hasken rana ta cikinta. Mu yara mu kai kan gadon kara mu baza, mu tsaya da reshe muna korar ƙuda da shirwa. In ya bushe sai a tsoma a labu, a sake shanyawa, a ƙarasa da ɗan gashi a kan garwashi. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a sa masa tunkuza sai mai da yaji. Abokan sana'ar Baba na Madawa da Gidan Rumji sun ƙware a kansa.

Kayan labu kowa ya san su: tunkuza, albasa, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, gishiri. Abin da ya bambanta na gidanmu daga cikin gida yake fitowa. Inna na da wata daddawa da take ware wa wannan aiki, wadda ta bushe ƙayau. Takan ɗan gasa ta a kasko har kaifin warin ya tafi ya bar ƙamshi, ta daka ta tankaɗe, ta ƙulle a tsumma ta miƙo mini: "Kai ma ubanka. Wagga ta kilishi ta, kar shi bari a taɓa ta." Baba ba ya zuba da yawa. A babban kwano na labu, abin da tafin hannunsa ya ɗauka ya isa. Ya motsa, ya lakata ya ɗanɗana, wani lokaci ya ƙara gabu. Wanda ya ci ba zai ce ga daddawa ba. Abin da zai ce shi ne kilishin nan yana da baki, daɗinsa ba ya barin harshe da wuri. Na sha jin Baba yana gaya wa yaransa na sana'a cewa wuƙa ba ta gyara tsohuwar saniya, sai daddawa.

Ba a kilishi kaɗai suke haɗuwa ba. In mace ta haihu, kafin suna ake sayo ƙafafun sa a yi mata ƙauri, a dafa su cikin dare da daddawa mai yawa da kayan yaji da ɗan kanwa, har jijiya ta narke, romon ya yi kauri yana kama leɓe. Yajin jego ma da daddawa ake daka shi, mai jego ta riƙa barbaɗawa a gasasshen nama har ta yi arba'in. Da babbar salla kuwa, bayan an tsire raguna an jera su sun kewaye wuta yadda ake yi a ƙasar Sakkwato da Nijar, washegari mata su soya abin da za a ajiye. Kayan ciki da kai da ƙafa, masu ƙarni, su ake haɗawa da batso. Shi ke kashe ƙarnin. Duk gidan da ke unguwarmu sai ya aiko yarinya da kwano wajen Inna a makon salla, kuma tun watan Zulƙida take shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekarun da suka nuna mini darajar wannan abu sosai su ne na 1983 zuwa 1986. A 1983 ciwon bushiya ya shiga garken Najeriya ya yi ɓarna mai yawa. A 1984 damina ta ƙi, fari ya kama daga nan har Agadas. A watan Afrilun shekarar kuma gwamnatin soja ta canza kuɗi ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Makiyaya suka riƙa gangarowa ta hanyoyin daji da shanun da ƙasusuwansu ke ƙirguwa, suna sayarwa a kan abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, don gara a karɓi kaɗan da a bar wa ungulu. Nama ya yi yawa, amma nama ne marar daɗi, kuma ba mai kuɗin saye. Rundawa suka koma shanya da banda. Duk inda ka duba a bayan gari gadajen kara ne. A lokacin nan Inna ba ta sauke tukunya ba, domin naman da yunwa ta cinye kitsensa ba ya ciwuwa sai an taimake shi.

Bayan nan sai abin ya juya. Garke ya ƙare, wanda ya tsira da 'yan shanunsa ya riƙe abinsa, nama ya zama sai wane da wane. Har a gidanmu, gidan mahauta, akwai ranakun da abin da ke shiga tukunya ƙashi ne guda da 'yar tsoka da ba ta cika tafin yaro ba, ga baki fiye da goma. Inna kan karɓi ludayi daga hannun mahaifiyata ta ce, "Kawo nan, ɗiyata." Ta daka batso da kalwa tare, ta zuba tun ruwa bai tafasa ba, ta bar ƙashin ya yi ta dahuwa da su, sannan ta kaɗa kuka. Wallahi in ka sa loma sai ka rantse rabin akuya aka saka. Mun kwana da ƙoshi a darare da yawa saboda wannan dabara, kuma ban san adadin gidajen da ta rufa wa asiri ba a garin nan.

Dunƙule ya shigo a hankali. Da farko a teburin mai shayi da shagunan bakin tasha ake ganinsa, daga wannan gefen iyaka da wancan, sai ya shiga kayan cefanen amare. Ba shi da wari, ba ya cin itace, ba ya son a kwana a gindin murhu, kuma rediyo na yabonsa safe da yamma. Yarinyar da ta yi boko ta fara jin kunyar a ji warin daddawa a zanenta. Masu kilishi da tsire su ma suka koma gare shi da farin garin ɗanɗanon nan na leda, domin awonsu ɗaya ne kullum, ba a cewa na yau ya yi, na jiya bai yi ba. Ban ga laifin kowa ba. Mace mai ɗawainiyar gida tana da haƙƙin neman sauƙi. Amma ina kallo kwanukan da ake aikowa gidanmu suka riƙa raguwa. Da Inna ta rasu, ba wadda ta gaji kwandon a cikin jikokinta mata, Baba kuma ya ci gaba da kilishinsa da abin da kasuwa ta ba shi. Yana sayarwa lafiya lau, sai dai tsofaffin abokan cinikinsa sukan ce masa, "Sarkin yanka, hannunka ya canza."

Karatu ne ya raba ni da wuƙa, kuma shi ne ya dawo da ni ga daddawa ta wata ƙofar. A aji na fara jin cewa abin da ke faruwa a ɗakin nan da ake ja wa ƙyaure aikin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, mafi yawansu wanda masana ke kira Bacillus subtilis. Wani masani a Jami'ar Ibadan, S. A. Odunfa, ya bayyana haka tun 1981 a binciken da ya yi kan daddawar Yarbawa, wadda suke kira iru. Ƙwayoyin nan suna jure zafi, shi ya sa ake rufe kalwa tun tana tururi: zafin ya kashe masu ɓata ta, ya bar masu gyara ta. Suna maƙalewa a jikin kwando da ganye, shi ya sa tsohon kwando ya fi sabo. Aikinsu shi ne farfasa furotin ɗin kalwa zuwa ƙananan sinadarai da jiki ke saurin ɗauka. A cikin haka ne iskar amoniya ke fita, ita ce warin da ke sa hawaye. Fiye da kashi 30 cikin 100 na busasshiyar daddawa furotin ne, ga mai, don haka wanda ya sha miyarta a shekarar yunwa ba ɗanɗano kaɗai ya samu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayanin miyar ƙashin nan. A cikin sinadaran da ruɓar kalwa ke saki akwai gulutamet, wanda wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ke ba romo daɗinsa na musamman. Shi ne dai ake sarrafawa a masana'anta a zuba a dunƙule. Nama kuma yana da nasa sinadarin, inosinet, wanda wani ɗalibin Ikeda ya gano a busasshen kifi a 1913. Daga baya masana suka tabbatar cewa in waɗannan biyu suka haɗu a harshe, daɗin ba tarawa yake yi ba, ninkuwa yake yi sau da yawa. Ke nan 'yar tsoka da daddawa sun fi tsoka mai yawa ita kaɗai. Abin da Inna ke yi da ludayi, da abin da Baba ke yi da tafin hannu a kwanon labu, lissafi ne daidai, sun dai same shi ne ta hanyar gado da gwaji.

Ba mu kaɗai muka san wannan hanya ba. Abin da muke kira daddawa, shi ne sumbala a Mali da Burkina Faso, netetu a Senegal. Nattō na Japan ma da irin ƙwayar halittar nan ake yin sa, da waken suya. Batso yana da 'yan'uwa: bikalga a Burkina Faso, furundu a Sudan. A Darfur da Chadi har ganyen tafasa suke dakawa su binne a tulu kamar mako biyu, su shanya, su kira shi kawal, su sa a miya a madadin nama. Masanin Sudan Hamid Dirar ya yi bayaninsa a littafinsa na 1993 kan abincin ƙasarsu da ake ruɓarwa. Ko Turawan farko da suka zo ƙasar nan sun lura da daddawa. Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ga yadda ake sarrafa kalwa, kuma a littafin tafiyarsu na 1826 ne masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park.

Yau kuma manyan masana'antun nama na Amurka da Turai sun juyo ga ganyen da aka ruɓar, amma don wata buƙata dabam. Sun daɗe suna zuba sinadarin naitirait a naman gwangwani da tsiran-alade na shanu da kaji, don ya riƙe jan launi, ya hana maiƙo lalacewa, ya kuma tare ƙwayar Clostridium botulinum mai dafin kisa. Da masu saye suka fara gudun sinadaran masana'anta, musamman bayan 2015 da hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, sai kamfanoni suka ƙara karkata ga ruwan ganyen seleri da makamantansa. Ganyen na ɗauke da naitiret daga ƙasa. Sai a zuba masa wata ƙwayar halitta, Staphylococcus carnosus, ta mai da shi naitirait, a busar a zuba a nama. Dabara ce mai kyau, sai dai gaskiyar da masana ba su ɓoye ba ita ce naitirait ɗin ganye da na masana'anta abu ɗaya ne a cikin jiki. Sunan ganye a jikin leda ba ya mai da abu magani.

Wannan gaskiyar ta shafe mu ma, kuma son da nake wa daddawa ba zai sa in ɗora mata abin da ba nata ba. Daddawa ba ta tsare nama daga ruɓa. Ba ta da tsamin da ke korar ƙwayoyin cuta. Abin da ke sa kilishi ya yi watanni shi ne rana da ta zuƙe ruwansa, da gishiri, da wutar ƙarshe. Aikin daddawa shi ne ta ɗaga naman da ba shi da daɗi, ta kashe ƙarni, ta sa kaɗan ya wadatar, ta ƙara abin gina jiki. Akwai kuma wata fa'ida da zamanin nan ke buƙata: kusan rabin dunƙule gishiri ne, hawan jini kuwa ya cika gidajenmu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Abincin da ya ji daddawa ba ya neman gishiri da yawa. A ɗaya gefen, daddawar da aka shanya a ƙasa kaji na bi ta kai, ko tunkuzar gyaɗar da ta yi fumfuna, ko kilishin da ƙura da ƙuda suka sha aka naɗe a takardar siminti, duk suna iya cutarwa, ko da kakar wa ta yi su.

Iyakar Illela ta sake rufuwa a 2019, aka buɗe ta a Disambar 2020, ta kuma rufuwa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowane karo farashin dabba da na kayan miya sai ya haukace, kuma kowane karo sai na ga mata suna komawa ga abin da ke gefen gonarsu. Masu yin daddawa ba su ƙare ba. Da yawa sun koma waken suya, domin kalwa ta yi tsada, ana sare ɗorawa a kudu don gawayi da katako, ba a dasa wata, ita kuwa tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya. A birane ma na ga 'yan mata masu ilimi suna sayar da garin daddawa a roba mai murfi, suna tallarsa a Facebook da WhatsApp, kuma ana saye. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI, don kada wani ya ci da sunansu.

Abin da nake fata bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato, tana da masana abinci da na dabbobi, tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan na'urorin shanya da hasken rana. Jami'ar Abdou Moumouni tana Yamai. Ɗalibi zai iya zama da mai daddawa ya auna zafin kwandonta, ya ware ƙwayoyin da suka fi kyau a riƙa ba mata su kamar yadda ake ba mai burodi yis, don ta yau da ta gobe su zo daidai. Wani zai iya zama da rundawa ya gano awon garin daddawa ko na batso da ya dace da kilo guda na nama, da yawan gishirin da za a iya ragewa ba tare da kilishi ya lalace ba. Ƙungiyoyin mahauta da Sarakunan Fawa za su iya haɗa kai da matan da ke wannan sana'a, a shanya a cikin raga, a ƙulle a leda mai tsabta, a rubuta a jiki cewa wannan kilishin Illela ne da daddawar gida. Tsofaffin da suka san aikin suna nan da ransu a Illela da Araba da Kalmalo da Ƙonni, kuma ba sa rowar iliminsu ga wanda ya zo da ladabi. Saura mu je mu durƙusa mu tambaya, mu auna, mu rubuta, sannan in abin ya kawo riba a tabbata rabonsu ya isa hannunsu tun suna raye.